Alhaji da tsohuwar manhajarsa

Yau a kasuwar Computer Village ta Ikeja, wani Alhaji daga Agege ya ƙi sayen kwamfutar Mac ta Apple ƙememe. Wai manhajar da yake lissafin cinikin shanu da ita a Windows kaɗai take tashi. Yaran shago suna ta dariya, ni kuwa wallahi na ga gaskiyarsa. Kamfanin Apple ya bar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel a 2020 ya koma tasa mai suna M1, batir na daɗewa, ba musu. Amma tun 2019 ya daina karɓar tsofaffin manhajoji masu tsarin 32-bit, ko oho da masu su. Intel ma ya gwada sabon zubin ƙwaƙwalwa mai suna Itanium a 2001, wanda tsofaffin manhajoji ba sa gudu sosai a kansa, kasuwa ta juya masa baya. Kishiyarsa, kamfanin AMD, da ya lallaɓa tsofaffin manhajoji a 2003, tsarinsa kowa ya bi, har shi Intel ɗin.