Numeniya a benenmu

Yau tun asuba ƙamshin lubban ya cika benenmu a nan Atens, babban birnin ƙasar Girka, sai da na fito zan tafi makaranta na gane daga ɗakin dattijuwar nan maƙwabciyata yake fitowa. Na ce Mama lafiya dai? Ta ce ai yau Numeniya, ɗaya ga wata, jiya da magariba jinjirin wata ya fito. Ita ba coci take zuwa ba, addinin kakanninsu na da can take bi.

Wallahi na daɗe tsaye ina saurarenta har na kusa rasa bas. Su ma Girkawan da watansu kwana 29 ne ko 30, sai an ga wata ake fara lissafi, kuma ranar ko majalisar gari ba ta zama, kowa na gida yana ƙona turare wa Hestiya da Apollo da sauran allolin gida. A zamanin, duk wata ana ajiye wa macijin Akropolis, tudun wuraren bauta na Atens, waina mai zuma, marubucin tarihinsu Herodotus ya ce a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da aka tarar ba a taɓa wainar ba sai mutane suka ƙara yarda su bar garin kafin Farisawa su iso. Ta nuna min ɗan tulunta na abin bautarsu Zeus mai tsaron dukiyar gida, yau ta sake masa ruwa da man zaitun da 'ya'yan itace.

Amma abin da ya tsaya min a rai na shekaranjiya ne, daren da babu wata, daren abar bautarsu Hekate. Ana share gida tas, a kai ƙwai da tafarnuwa da kifi mararraba a ajiye, kuma tun wancan zamanin talakawa ne ke ɗauka su ci. Ita yanzu dafawa take ta kai wa masu kwana a titi, cikinsu har da 'yan Afirka irinmu, duk wata ba fashi, ga ta da ɗan fansho da bai taka kara ya karya ba.

Ta ce sai 2017 gwamnati ta amince da addinin nasu a hukumance. Ta miƙo min wainar zumar, na ce Mama ki yi haƙuri ni Musulma ce ba zan ci abin da aka yi wa bauta ba, ko kaɗan ba ta ji haushi ba, ta koma ciki ta ɗebo min lemo daga kicin na tafi da shi aji.