Kwana 12 a gidan zuhudu

Shekara uku ke nan da wani tunani ya zauna mini a zuciya ya ƙi tashi, wato in bar aikin koyarwa in shiga gidan zuhudu na Katolika, inda mutum yake ƙare rayuwarsa tsakanin addu'a da aikin hannu. A nan Arewa kowa ya san Fada, domin shi ne yake yi mana Misa, ya ɗaura aure, ya binne mamatanmu, kuma an san Sista saboda makarantu da asibitoci. Ɗan zuhudu kuwa baƙo ne ko a cikin cocinmu. Ranar da na fara buɗe wa mahaifiyata maganar, ta daɗe shiru, sannan ta ce, ba tare da ta ambaci sunana ba tunda ni ne ɗan fari: "To, idan Fada za a zama, wace Ikilisiya za su kai ka?" Da na ce mata ba lalle ne in zama Fada ba, kuma ba za a tura ni ko'ina ba, gida ɗaya zan zauna har mutuwa, sai ta ja tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Abin mamaki, wanda ya fi saurin gane wani ɓangare na maganar shi ne abokin aikina Musulmi. Da na bayyana masa cewa ana tashi tun kafin asuba, ana kuma dakatar da kowane aiki sau da yawa a yini domin a taru a yi addu'a, bai ga wani abu baƙo a ciki ba. Tambayarsa ɗaya ce, kuma ita ce tambayar kawunnaina duka: aure fa, da 'ya'ya?

Tsarin da yawancin waɗannan gidaje suke bi ya samo asali ne daga Waliyi Benedikt na Nursiya a ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga wajen shekarar 480 zuwa 547, ya kafa gidan Monte Kasino, ya kuma rubuta ƙa'ida mai babi 73. A Najeriya mabiyansa suna da gida a Ewu ta Jihar Edo, wanda 'yan zuhudun Glenstal na ƙasar Ireland suka kafa a 1979, kuma mutane da yawa sun san shi ta magungunan ganye na Paxherbals ba tare da sun san daga gidan addu'a suke fitowa ba. Akwai kuma gidan Sistashiyan, wani reshe na masu bin wannan ƙa'ida, a Awhum ta Jihar Enugu. Kafin in je ko ɗaya na karanta ƙa'idar, kuma babi na 58 ya ba ni mamaki, domin na zaci za a yi murna da duk wanda ya zo. Benedikt ya ce kada a yi saurin buɗe wa sabon zuwa ƙofa, a bar shi ya yi kwana huɗu ko biyar yana ƙwanƙwasawa, idan ya jure sannan a shigar da shi. Bayan haka a haɗa shi da dattijon da zai lura ko da gaske Allah yake nema, ko yana da himmar addu'ar jama'a, da biyayya, da haƙuri da abin da ke ƙasƙantar da mutum. Ana karanta masa ƙa'idar gaba ɗaya sau uku cikin shekara, bayan wata biyu, bayan wata shida, bayan wata huɗu, kuma ana shaida masa cewa idan ba zai iya ba, yana da 'yancin tafiya.

Gani ya kori ji. A hutun dogon zango na bara na rubuta wasiƙa zuwa wani gida a kudancin ƙasar nan, tare da takardar shaida daga Fadan Ikilisiyarmu, aka ba ni izinin kwana 12. Kwana ukun farko sun yi mini daɗi ƙwarai. Muryoyin maza wajen talatin suna rera Zabura cikin duhu, ɓangare ɗaya ya ɗauki aya, ɗayan ya amsa, har na ce a raina lalle na iso gida. A rana ta biyar daɗin ya gushe. Barci yana fizgata a tsakiyar addu'a, shirun cin abinci ya dame ni, hannuna yana ta laluben wayar da na riga na miƙa a ƙofa, kuma na gane cewa Zaburar da ta sa ni hawaye ran Litinin za ta sake zagayowa, ta kuma sake zagayowa, har tsufana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a gonar rogo. An haɗa ni da wani tsohon Burada, wato ɗan zuhudun da ba Fada ba, wanda ya haura shekara saba'in, muna noman ciyawa. Ni ɗan manomi ne, na saba da cewa ba a barin kunya a tsakiya. Saura mini kunya uku in kai gefen gona sai ƙararrawa ta buga. Na ci gaba da sara, ina cewa minti biyar ya isa in gama. Da na ɗaga kai sai na ga tsohon ya riga ya miƙe, ya nufi famfo, yana wanke fartanyarsa a hankali, yana goge bakinta da tsumma kamar kwanon cin abincinsa. Bai ce mini komai ba. Na bi shi ina jin haushi, kuma duk tsawon addu'ar tsakar rana zuciyata tana kan kunyoyin nan uku. Daga baya na tuna cewa ƙa'idar ta ce kada a fifita komai a kan addu'ar jama'a, ta kuma ce a riƙe kayan aikin gida kamar tsarkakan kwanonin bagadi. Na karanta waɗannan wuraren a gida har na ja musu layi, amma sai a gonar nan na gane cewa haushina ba na son aiki ba ne, na son in zama ni ne mai yanke lokacin da aiki zai ƙare.

Mai kula da sababbin shiga ya kira ni sau biyu. Na shirya masa dogon labarin yadda nake jin kusanci da Allah, amma bai ba labarin muhimmanci sosai ba. Ya tambaye ni ko ana bina bashi, domin dokar Coci ba ta yarda a karɓi wanda bashi ya yi wa katutu ba. Ya tambayi lafiyata, da yadda nake yi idan raina ya ɓaci, da ko akwai yarinyar da na yi wa alkawari, da ko wani abu nake gudu. Sannan ya ce, "Ɗana, wa yake biyan kuɗin makarantar ƙannenka?" Na ce ni ne. Ya yi shiru, ya ce Allah ba ya kiran mutum ya zubar da nauyin da ya riga ya ɗora masa, amma kuma akwai wanda yake fakewa da nauyin gida har ya tsufa bai taɓa amsa kira ba, kuma ni kaɗai zan iya gane wanne ne nawa.

A ganina nan ne ainihin wuyar take ga irinmu. Alkawuran ɗan zuhudun Benedikt uku ne: biyayya, da sāke hali irin na zaman zuhudu wanda ya ƙunshi talauci da rashin aure, da kuma zama daram a gida ɗaya tare da jama'a ɗaya. Wannan na ukun shi ne ya fi karo da tarbiyyarmu, mu da aka raine mu a kan cewa zumunta a ƙafa take. Ɗan fari da ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, ba ya aiko da kuɗin taki idan damina ta kama, a idon dangi kusan ya mutu ne da ransa. Ba na ganin laifinsu, kuma ba na yarda da masu cewa rashin bangaskiya ne yake sa uwa ta yi kuka a kan irin wannan.

Ina yawan tunawa da Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Aguleri ta Jihar Anambra, wanda aka haifa a 1903, ya zama Fada a 1937, kuma shi ne ya yi wa Francis Arinze baftisma tun yana yaro, wanda daga baya ya zama Kadinal. Yana da wajen shekara 47, ana ganin girmansa a ƙasarsa, ya bar komai a 1950 ya shiga gidan Mount Saint Bernard a Ingila, ya koma sabon shiga cikin sanyin da bai saba da shi ba. Sai a 1956 ya yi alkawarin dindindin, ya rasu a can a ranar 20 ga Janairun 1964, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka, matakin da ke gab da zama Waliyi, a Najeriya a 1998. Abin da nake ɗauka daga labarinsa shi ne tsawon hanyar: shekara 13 yana aikin Ikilisiya kafin ya tafi, shekara shida kuma kafin ya ɗaure kansa da alkawarin dindindin. Har yau haka tsarin yake, watanni na zaman gwaji, sannan aƙalla shekara ɗaya ta horo, sannan alkawarin wucin gadi na aƙalla shekara uku, kuma a kowane mataki jama'ar gidan ma suna da ta cewa, domin su ne za su zauna da mutum.

Ban yanke hukunci ba tukuna. Mai kula da sababbin ya ba ni aiki uku: in riƙa tashi addu'ar safe a lokaci ɗaya kullum ko ina jin daɗinta ko ba na ji, in samu Fada ɗaya da zan riƙa buɗe wa zuciyata kowane wata, in kuma zauna da ƙanina mu yi lissafin gida da biro da takarda. Autarmu za ta gama sakandare shekara biyu masu zuwa, ƙanina kuma ya kusa samun 'yanci daga wajen maigidansa a aikin walda. Na sake rubuta wa gidan zuhudun wasiƙa ina neman zaman wata guda a hutu mai zuwa. Da Inna ta ga ina naɗe takardar, ta tambaye ni ko a can ana samun tuwon dawa, na ce mata rogo da doya ne suka fi yawa, sai ta ce idan lokacin ya yi in gaya mata da wuri ta daka mini kuka da daddawa in kai wa tsohon nan mai wanke fartanya.