Sati na shida: na fara zana tukunyar Hopi

Salam 'yan uwa masu koyon ginin tukwane. Tukunyar nan mai faɗin kafaɗa da ɗan ƙaramin baki ta bushe, na kankare ta da sakaina, na kwana uku ina goge ta da ɗan dutsen rafi har ta fara ƙyalli, ba glez (ruwan gilashin da ake shafa wa tukunya don ƙyalli) ba komai, haka mutanen Hopi na Arizona a Amurka suke yi.

Fentin ne ya ba ni aiki. Su wani ganye suke dafawa har ya yi kauri ya koma baƙi sai su haɗa da garin dutse mai ƙarfe, ashe ganyen ɗan uwan gasayarmu ne, wallahi na ji daɗi da na gane haka. Na dafa gasaya kusan wuni guda ta koma kamar maɗi. Burushinsu kuma ganyen yuka ne, wani tsiron hamada mai dogon ganye, ana tauna bakinsa har zare ya fito, ni da kaba na yi, ta ja layi siriri amma tana saurin shanye fenti, kowane layi sai na tsoma sau biyu.

Zanen da na sa a gaba irin na Sikyatki ne, tsohon ƙauyen da aka tono a 1895, wanda maginiyar tukwane Nampeyo ta ƙauyen Hano ta farfaɗo da salonsa. Matar nan ko da idonta ya yi rauni ba ta daina gini ba, hannu ya riga ya san aikin, 'ya'yanta ke zana mata, ta rasu 1942. Akwai wutsiyar gaggafa, akwai gajimare da layukan ruwa suna saukowa ƙarƙashinsa, Hopi mutane ne masu noman masara a busasshiyar ƙasa, duk wanda ya taɓa zaman jiran ruwan shuka zai gane abin da ake roƙo. Akwai kuma zanen ƙaura mai kama da fukafukai a sarƙe, yana tuna yawon kakanninsu kafin su zauna kan tsaunuka ukun da ƙauyukansu suke. Wannan ban taɓa shi ba, tarihin wasu ne kuma zuriyar Nampeyo har yau suna zana shi, gajimaren kawai na gwada, kuma tukunyar ba ta sayarwa ba ce.

Saura gashi. Na tara busasshen kashin tumaki buhu guda, zan kare tukunyar da fasassun tukwane kar wuta ta taɓa zanen, ranar Asabar da sassafe in Allah ya kai mu kafin iska ta taso.