Sifilin da ke cikin littafin ma'aunin ruwa

A makon da nake tattara takarduna domin barin aiki, fayil ɗaya ne kawai na tsaya na sake karantawa, wato na kwalbatin da ruwa ya haura kansa damina uku kacal bayan an kammala shi. Ni ne na yi lissafin ruwan saman da aka ɗora zanen a kansa, amma har yau ban yarda cewa laifin nawa ne ni kaɗai ba.

An miƙo mini bayanan shekara 14 daga ma'aunin da ake karantawa sau ɗaya kowace safiya. Na zaro ruwa mafi yawa na kowace shekara, na bi hanyar Gumbel, wato lissafin da ake hasashen ruwa mai tsanani da shi, na fitar da ruwan shekara 25, wato wanda a matsakaici ake sa ran irinsa sau ɗaya cikin shekara 25, kamar yadda aka saba. Ana cikin haka na lura da wasu kwanaki a tsakiyar damina da aka rubuta musu sifili, alhali tashar da ke maƙwabtaka ta nuna cewa an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a waɗannan ranakun. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan littafi ya san cewa sifili yana iya nufin ba a yi ruwa ba, yana kuma iya nufin ma'auni ya cika ya tumbatsa, ko mai karatu bai samu fitowa ba. Kuma ranar da ruwa ya fi ƙarfi ita ce ranar da ya fi kasa fitowa. Ke nan giɓin ya cinye ainihin kwanakin da lissafina ya dogara da su.

Na kai maganar wurin shugaban sashenmu, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako guda in cike giɓin da bayanan tashoshin kusa." Ya amsa da cewa lamba ake jira daga gare ni, ba a ɗauke ni aikin bincike ba. Na yi shiru na koma teburina, ban rubuta ko layi ɗaya da zai nuna mun yi wannan magana ba.

Akwai kuma kuskuren da ba zan ɗora wa kowa ba. Karatun safiya zuwa safiya yakan raba ruwa guda gida biyu idan ya ratsa lokacin karatun, shi ya sa ake ninka shi da 1.13, gyaran da aka sani tun aikin masanin ruwan sama Hershfield na 1961, ni kuwa na manta da shi. Sannan yankin da ruwansa ke gangarowa kwalbatin ƙarami ne, cikin minti ashirin ruwan da ya sauka a can ƙarshensa yake isowa bakin kwalbati, don haka ƙarfin ruwa na ɗan wannan lokaci ake buƙata, ni kuma na tatso shi daga jimillar yini da ta riga ta gaza. A lissafin Q = CiA, inda ake samun yawan ruwan da zai bi ta kwalbati (Q) ta hanyar ninka kason ruwan da ke kwarara a ƙasa (C) da ƙarfin ruwa (i) da faɗin yanki (A), babu inda kuskure zai ɓuya: gwargwadon yadda ƙarfin ruwa ya ragu, gwargwadon yadda girman kwalbati zai ragu.

Da abin ya faru, an so a fake da cewa ruwan ya wuce na zane. Hujjar ba ta wofi ba ce, domin ruwan shekara 25 yana da damar kashi 4 cikin ɗari kowace shekara, kuma cikin shekara 25 damar ganinsa ta kai kusan kashi 64. Amma da na sake lissafi da cikakkun bayanai, sai ruwan ya fito kusa da na shekara goma. Ni na kai wannan sakamako da hannuna, kuma a taron da aka tattauna shi sunana kaɗai aka ambata.

Sauran darussan ba su da tsawo. Shekara 14 ba ta isa a yi alƙawarin shekara ɗari da ita ba. Tsohon jadawalin ƙarfin ruwa yana buƙatar sabuntawa, tunda iska tana ƙara riƙe danshi da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na ɗumi. Umarnin baki kuma a mayar da shi rubutacce a ranar da aka ba da shi.

Wanda zai gaje ni zai tarar da jerin kwanakin da nake zargi a shafin farko na fayil ɗin, da jan biro. Sa hannun shugaban yana shafi na biyu, inda yake tun farko.