Daron da ya ƙaryata ni a gaban aji

Daron yana nan har yau a bayan ɗakin innata. Tun da na huda shi ba ya riƙe ruwa, sai ta zuba masa ƙasa ta shuka na'a-na'a. Duk na je gaishe ta na gan shi, sai ranar nan ta dawo mini ɗanya.

Mako na biyar ke nan ina koyarwar gwaji a wata sakandaren jeka-ka-dawo, an ba ni 'yan aji biyar ina koya musu labarin ƙasa, yara sun kai saba'in a ɗaki ɗaya. Ranar da malaminmu, wanda muke kira Dakta, zai zo daga kwaleji ya duba ni ta faɗo kan darasin guguwar teku, wadda gidajen rediyo ke kira mahaukaciyar guguwa. Na ci alwashin ba zan tsaya ina karanto littafi kamar mai karatun wasiƙa ba, sai na nuna wa yaran abu sun gani da idonsu.

Farkon darasin ya tafi lafiya, ba sai na ja shi ba. Teku ce murhun, kuma sai ɗumin ruwanta ya kai wajen digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas, ɗumin ya nutsa kamar mita 50. Tururi ya tashi, ya yi sama, ya huce ya koma gajimare, a nan ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin ya ƙara ɗaga iska, nauyin iskar da ke ƙasa ya ragu, ta gefe ta kwararo don cike gurbi, ita ma ta kwaso nata tururin. Haka abin ke ciyar da kansa har gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, a tsakiya kuma a sami wani fili mai shiru da ake kira idon guguwa. Yara suna rubutu, Dakta yana can kujerar baya yana gyaɗa kai.

Sai na zo kan juyawa. Na ce musu jujjuyawar duniya ce ke karkatar da iskar, abin da wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya yi bayaninsa a 1835. A arewacin ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, guguwar tana kewayawa kamar masu ɗawafi, wato saɓanin hannun agogo, a kudu kuma tana bin hannun agogo. Misalin ɗawafin ya shige su sosai, har yau ina alfahari da shi. Da a nan na tsaya da na ci riba.

Amma na riga na ga wani bidiyo a waya, wani mutum a kan layin ikwaita yana zuba ruwa a mazubi: ya taka arewa ruwan ya juya hagu, ya taka kudu ya juya dama. Shi ya sa na ɗauke daron inna na huda gindinsa da ƙusa, na toshe da tsumma. Ko sau ɗaya ban gwada a gida ba, ruwa na tsada a unguwarmu, kuma gani nake ai kimiyya ce, ba ta saɓawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa a gaban mai ba ni maki na fafe nawa.

Na ɗora daron kan kujeru biyu, bokiti a ƙasa, na barbaɗa garin alli a kan ruwan. Na ce, "Mu a arewa muke, don haka ku zuba ido, ɗawafi zai yi." Na zare tsumman. Garin allin ya yi ɗan jim, sannan ya kama bin hannun agogo tiryan-tiryan. Na ce iskar taga ce, a rufe. Muka mayar da ruwan muka sake, wannan karon ya yi yadda na ce, har na fara murmushi. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, a ƙara ɗaya mana a raba gardama." Na ƙara. Ya sake bin agogo. Ajin ya ɓarke da dariya, wani yana cewa makarantarmu ta koma kudu ba a sanar da mu ba.

Cikin wannan ruɗanin wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. "Malam, to guguwar da ke tashi a filin ƙwallo da bazara, ita ma ɗawafi take yi kullum?" Maimakon in ce bari in bincika, sai na ce ƙwarai kuwa, ai ƙanwar waccan ce, dokarsu ɗaya. Na ga Dakta ya sunkuya ya yi rubutu mai tsawo.

A gindin darbejiya ya tsare ni bayan an tashi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, daronka minti nawa yake yi ya tsiyaye?" Na ce bai fi biyu ba, ranka ya daɗe. "Duniya fa, awa nawa take yi ta juya sau ɗaya?" Na ce 24. Ya ce to a cikin minti biyu me juyin duniya zai tsinana wa ruwan daro? Yadda ka zuba shi, da lanƙwasar ƙusarka, da girgizar hannunka lokacin zare tsumma, kowanne ya fi ƙarfin Coriolis nesa ba kusa ba. Ita guguwar teku faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, kwanaki take yi tana haɗuwa, shi ya sa ɗan karkacen nan ke taruwa ya zama abu. Mai bidiyon kuwa da hannunsa yake juya ruwan, 'yan yawon buɗe ido yake ci da shi.

Daga baya na karanta cewa an taɓa yin gwajin da gaske. A 1962 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Ascher Shapiro, ya yi shi da tanki mai faɗin kusan mita biyu, ya bar ruwan ya kwanta awa 24 ba motsi kafin ya buɗe a hankali. Shi awa 24, ni ko minti ɗaya ban bari ba.

Amsar da na bai wa yarinyar ta fi daron ci mini rai, don shi daron kowa ya ga ƙaryarsa, ita kuwa amsar rubuta ta suka yi a littafi. Kuma na gane inda aka kayar da ni: kalmar guguwa. Suna ɗaya muke kiran abubuwan da ko kaka ba su haɗa ba. Ta filin ƙwallo, wadda aka tsorata mu da ita muna yara wai aljanu ne ke wucewa, zafin ƙasa ne kawai ke ɗaga ta da rana tsaka ba ko gajimare, ta yi 'yan mintoci ta mutu, kuma ta kowane ɓangare tana juyawa. Tonado da ke rusa garuruwa a tsakiyar Amurka daga gindin gagarumin hadari take saukowa, siririya ce amma mugu. Akwai ta ƙasashen sanyi, tsakanin digiri 30 da 60 daga ikwaita, wadda ba ruwanta da ɗumin teku, karon iska mai sanyi da mai ɗumi ne ke haifar da ita, ita ke kai wa Ingila ruwa da iska da hunturu. Har da 'yar tsakanin wannan da ta teku mai ɗumi, irin guguwar Daniel, wadda ta taso ta Bahar Rum a Satumbar 2023 ta ɓalle madatsu biyu a Darna ta Libiya. Sai ita uwar gayyar, ta teku mai ɗumi, wadda sunanta kawai ke sauyawa: harikan a Atlantika, taifun a wajen Filifin da Japan, saikulon a tekun Indiya. Katrina ta 2005, Haiyan ta 2013, Idai da ta afka wa Beira ta Mozambik a Maris ɗin 2019, duk jinsi ɗaya ne. Kuma galibi ba iskar ce ke yawan kisa ba, ruwan tekun da take turowa tudu ne. Shi ya ci aƙalla mutum 300,000 a Bhola, Bangladash ta yau, a Nuwambar 1970.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ina ta huda daro alhali misalin da ya fi kowanne yana saman kanmu. Hadarin nan da ke taso mana daga gabas da damina, holoƙo a gaba ruwa a baya, yana tafiya ne cikin wasu igiyoyin iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar. Su bi ta Chadi, Nijar da arewacin Najeriya, su wuce Mali, su faɗa teku ta gaɓar Senegal. In suka tarar da ruwa mai ɗumi wajen tsibiran Kef Bad, wasunsu su naɗe su zama harikan. Mafi yawan manyan harikan na Atlantika daga nan suke farawa, Irma ta 2017 ma haka. Ke nan hadarin da ya yaye kwanon wani a Damagaram ko Gusau yana iya zama wanda za a raɗa wa suna bayan mako biyu ana kwashe mutane a Fulorida. Mu guguwar teku ba ta kama mu saboda ba mu da teku a nan, Legas kuma da take da ita ta yi kusa da ikwaita, inda karkacen Coriolis ba shi da ƙarfin naɗe iska. Da wuya a ga guguwar teku ta haɗu a cikin digiri biyar daga layin.

Mako na gaba na koma ajin na ce kowa ya buɗe littafinsa ya soke layin da na faɗa kan guguwar fili. Na kira yarinyar na ce tambayarki daidai ce, amsata ce karkatacciya. Na ba su aikin su riƙa lura da duk wadda ta tashi su rubuta inda ta juya. Sannan na ba su labarin hadarin gabas, ajin ya yi tsit irin wanda ban taɓa samu ba. Sai dai Dakta ba ya nan, zuwa ɗaya yake yi.

Duk ɗan koyarwar gwajin da ya zo mini da shawarar zai nuna wani abu a aji, tambayar farko da nake masa ita ce sau nawa ya gwada a gida. In ya ce a waya ya gani, sai in ba shi labarin nan tun daga ƙusa. C na samu a kwas ɗin da kowa ke kwasar A, ita ta ja mini sakamakon ƙarshe ƙasa. Inna kuma sai da na saya mata sabon daro daga kuɗin alawus ɗina, ta ce wancan na aurenta ne, wannan na roba bai kama ƙafarsa ba.