Digiri 32 da ya kusa kayar da ni

Ƙannena, shekarar da aiki ya kai ni wani gari na bakin teku, da girman kai na sauka. Ni da na saba da busasshen zafi mai haura digiri 40, na duba waya na ga 32, har dariya na yi. Ashe raina kama ka ga gayya. Kwana uku da zuwana na fita da rana tsaka a ƙafa, ko ruwa ban riƙe ba, don tafiyar ba ta kai ta awa ɗaya ba. Tun ban yi rabi ba riga ta manne mini a baya, kai na sara, jiri na ɗibana, ƙafafu kamar ba nawa ba. Wani bawan Allah ne ya ja ni inuwa, ya yi ta zuba mini ruwa a wuya kafin na dawo hayyacina.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, fitowar zufa ba ita ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Inda iska take a bushe, zufa na fita tana bin iska, ta tafi da zafin. Iskar bakin teku kuwa ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta da wurin karɓar taka. Sai ka yi ta tsiyaya, ruwan jikinka da gishirinsa na ƙarewa, sanyi kuma babu. A lissafin masana yanayi, digiri 32 da laimar kashi 70 cikin 100 jiki na jin sa kamar 40, a inuwa ma ke nan. Saboda haka in kun duba hasashe, ku nemi adadin laima tukuna. Baƙo kuma jikinsa na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Ni a kwana na uku na nemi nuna jarumta. Ku sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, ku riƙa lura da fitsari: in ya yi duhu, jiki na bin ku bashi. Wanda kuka ga ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado, jikinsa zafi rau, wannan ya wuce gajiya. A jiƙa shi da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a garzaya asibiti, domin zafin jiki in ya bar 37 ya haura 40, rai ake magana.

Wautata ta biyu ta fi wannan, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

A irin waɗannan garuruwa safiya takan waye garau, ba ko ɗigon gajimare. Rana na ɗagawa ƙasa ta riga teku ɗaukar zafi, iskar tudu ta yi sama, ta teku mai laima ta kwararo ta maye gurbinta. Kafin la'asar gajimare ya tashi tsaye kamar dutse, gindinsa baƙi ƙirin. A Fulorida ta Amurka iskar tekun Atilantika da ta mashigin Meziko ke karo a tsakiya, shi ya sa jihar ta yi suna wajen tsawa. Haka Durban ta Afirka ta Kudu da Birisben ta Ostireliya suke shan hadarin yamma, sai dai su bazararsu daga Disamba zuwa Fabrairu take.

Wata la'asar muna ƙwallo a fili, aka fara cida can nesa. Na ce a ci gaba, ai ko yayyafi ba a fara ba. Ni ne babba a wurin, aka bi maganata. Da ruwan ya tsuge, sai na ja yara biyu muka fake gindin wata doguwar bishiya, ita kaɗai a filin. Ba mu yi minti biyu ba haske ya rufe mini ido, ƙara ta daki ƙirjina a lokaci guda. Turken fitila ne a ɗaya gefen filin aradu ta faɗa wa. Allah ne ya kiyaye, dabarata ba ta taka rawar komai ba, don inda na kai yaran nan ya fi ko'ina haɗari.

Tsawa ba ta jiran ruwa. Tana iya sauka kilomita 15 daga inda ake ruwan, alhali saman kanka rana ce. Sauti na cin kilomita ɗaya a kusan daƙiƙa 3, don haka in ka ga walƙiya ka ƙirga: daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka, hadarin bai fi kilomita 10 da kai ba. Ni dai yanzu ko ƙirgar ba na yi, kunnena na jin cida nake neman gini. Ginin kirki nake nufi, mai bango da ƙofa. Rumfa da baranda ruwa kawai suke tarewa. In babu, mota mai rufin ƙarfe, a ɗaga gilasai. Ƙarfen jikinta ne ke bi da wutar zuwa ƙasa, zancen da ake yi cewa taya ce ke kare mutum labari ne. Mai iyo ya fito, mai kamun kifi ya ajiye sandarsa. A ɗaki ma a dakata da wanka da taɓa abin da ke jone da wuta, sannan a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wannan jiran shi ya fi wuya, don gari yakan washe mutum ya ga kamar an gama. Wanda tsawa ta faɗa wa kuma a taɓa shi, babu wutar da ta rage a jikinsa; in ba ya numfashi a kira agaji, a fara danna masa ƙirji nan take.

Sauran wautar ƙanana ce. Na taɓa kutsa mota cikin ruwan da ya rufe titi, injin ya mutu a tsakiya, daga baya na ji cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 na iya ɗage ƙaramar mota. Na kuma rufe ɗaki ruf na yi tafiyar mako biyu, na dawo na tarar fumfuna ta yi wa takalmana da littattafaina kore shar. Takalman na goge, littattafan kuwa har yau warin na nan.