Mai ciwon suga da zafin bazara a Sakkwato

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba ta zama. Lafiyayyen mutum ma yana ji a jikinsa, balle mai ciwon suga. Da yawa za ka ji suna cewa ba su canza abinci ba, ba su fasa shan magani ba, amma suga ya ƙi sauka. Sau tari zafin ne ya lalata kayan aikin ba a sani ba.

Bari mu fara da allurar insulin, don ita ce zafi ya fi yi wa ɓarna. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, can nesa da ɓangaren ƙanƙara, domin in ta daskare ta tashi aiki ko da ta narke. Wadda aka fara amfani da ita tana iya kai kwana 28 a waje, amma da sharaɗin zafin wurin bai wuce digiri 30 ba. To wane ɗaki ne a Sakkwato, mai rufin kwano, yake ƙasa da 30 da tsakar rana a Afrilu? Insulin da zafi ya buga ba lallai ya canza kama ba, ƙarfinsa ne ke raguwa. Mutum ya yi ta ƙara yawan allura, ranar da ya buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi sai suga ya faɗi warwas.

Wanda ba shi da tsayayyen firji ya koma ga tukunyar ƙasa. A sami tukwane biyu marasa fenti, ƙarama da babba. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Insulin a sa shi cikin roba mai murfi kafin a ajiye a ƙaramar tukunyar, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar ko ya goge rubutun jikinta. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin tukunya iska na busar da shi, shi ke janye zafin, shi ya sa dabarar ta fi aiki a busasshiyar ƙasa irin tamu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara don adana kayan gwari. Inda ake kuskure shi ne a bar yashin ya bushe, ko a kulle tukunyar a lungun da iska ba ta shiga. Kada a bar insulin a mota ko ƙarƙashin kujerar babur ko na ɗan lokaci. Irin mai haske garau in ya gurɓace a yar da shi, irin mai farin madara kuwa in aka mirgina shi a tafin hannu ya ƙi haɗuwa, ya yi gudaji, shi ma ya gama.

Tsinken awon suga, wanda ake ɗiga wa jini a na'urar awo, shi ma zafi da raɓa na ɓata shi. A rufe robarsa da zarar an zaro ɗaya. A wanke hannu da sabulu a bushe kafin a soka, domin wanda ya taɓa dabino ko mangwaro, zaƙin da ya maƙale a yatsa zai sa na'ura ta nuna adadin ƙarya. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 bayan awa biyu da ci. In na'urarka irin mai nuna ƙananan lambobi ce, kamar 7 ko 10, ka ninka sau 18 kafin ka kwatanta da waɗannan.

Sai batun ƙishirwa, kuma a nan na fi jin takaici. Gumi na rage ruwan jiki, suga ya taru a jini, fitsari ya ƙaru, ƙishirwa ta ƙara tsananta. Sai mutum ya kashe ta da lemon kwalba mai sanyi, ko zoɓo, ko kunun zaƙi, ko fura da aka dama da suga cokali uku. Ya ƙara wa wuta fetur ke nan. Ruwa zalla shi ne abin sha, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo, sai dai wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon ƙoda ko zuciya. Zoɓo ba laifi in ba a sa suga ba. Fura kuwa gero ce, ko ba suga tana ɗaga awo, don haka a rage dunƙulen, a yawaita nono. Zuma ba mafita ba ce, ita ma suga ce.

Faɗuwar suga ta fi ruɗarwa a wannan lokaci, saboda alamominta, gumi da jiri da rawar jiki da bugun zuciya, sun yi kama da galabaitar zafi. Zafi kuma yana sa insulin shiga jini da sauri. Masu allura da masu shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide su suka fi shiga haɗari, musamman in sun tsallake abinci. In awo ya sauka ƙasa da 70, a sha suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba, a jira minti 15 a sake gwadawa, in ya dawo daidai a ci abinci. In ba na'ura a kusa, a ɗauka suga ne ya faɗi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Mai azumi ya karya in awo ya gaza 70 ko ya haura 300.

Tafiyar motsa jini, minti 30 a rana, a mayar da ita bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Ƙafa ce ba na so a yi wa sakaci ko kaɗan. Ciwon da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka abu mai zafi bai sani ba. Ka dubi harabar masallaci ranar Juma'a da ƙarfe biyu: siminti ya ɗau rana tun safe, an cire takalmi tun daga ƙofa, masu lafiya na ɗaga ƙafa suna sauri, dattijo mai suga yana tafiya a natse don ba ya jin komai. Da dare sai a ga bororo a tafin ƙafa, bayan mako ya zama gyambo. A sa safa mai kauri, a kai takalmi har bakin shimfiɗa. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da madubi ko a sa wani ya duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsun, a shafa mai a diddige saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa, kuma kada a bari a yanke kaushi da reza. Duk rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya cikin kwana ɗaya, kada a barbaɗa masa gari ko toka. In ya kumbura, ya yi wari ko ya fara baƙi, a wuce kai tsaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a ranar.